Likitocin mishan a ƙauyuka: me ke saura idan baƙi sun tafi?

Duk shekara dubban likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai da sauran 'yan coci daga Amurka da Turai da Koriya ta Kudu kan ɗauki hutu, su biya kuɗin jirgi daga aljihunsu, su nufi wani ƙauye a Honduras ko Kenya ko Kambodiya da akwatunan magani niƙi-niƙi. Mako guda suke yi, in sun daɗe biyu. A mayar da ajin makarantar firamare ko zauren coci ɗakin duba marasa lafiya, jama'a su kafa layi tun kafin gari ya waye, a duba ɗaruruwa a wuni, a cire haƙora, a raba tabarau da maganin tsutsar ciki, a yi addu'a, a ɗauki hotuna, sannan a tattara komatsai. Wani bincike da aka buga a 2008 ya ƙiyasta cewa daga Amurka kaɗai ana yin irin wannan tafiya kimanin 6,000 a shekara, kuma kuɗin da take ci bai gaza dala miliyan 250 ba. Ba duka ne na coci ba, amma kaso mai tsoka na coci ne.

Idan zancen ya taso, mutane kan rabu gida biyu. Wasu yabo kawai suka sani: bayin Allah sun baro jin daɗinsu sun zo inda gwamnati ta manta. Wasu kuma zargi kawai suka sani: ruwa ba ya tsami banza, maganin tarko ne, addini ake son a sauya wa talaka. Duka ɓangarorin biyu niyyar baƙon suke aunawa, alhali niyya abu ce da ba a gani. Abin da ake iya gani shi ne halin da ƙauyen ke ciki wata shida bayan motar baƙi ta tayar da ƙura. A ganina nan ne ma'aunin yake. Abin mamaki kuma, ba masu sukar mishan ne suka fara gane haka ba. Su kansu likitocin mishan ne suka gane, tun shekarun 1960.

Kafin a zo nan, yana da kyau a san yadda abin ya faro. Na farkon ba su ɓoye manufarsu ba. Peter Parker, Ba'amurken da ya buɗe asibitin ido a birnin Guangzhou na Sin a 1835, likita ne kuma fasto, kuma ya ɗauki aikin ido a matsayin hanyar shiga zukatan mutanen da ba za su tsaya sauraron wa'azi ba. David Livingstone ya isa kudancin Afirka a 1841 da takardar likita a hannu ɗaya, Littafi Mai Tsarki a ɗayan. A arewacin Najeriya, Turawan mulki sun daɗe suna taka wa mishan birki a masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 da aka miƙa musu kula da sansanonin kutare ƙofa ta buɗe. Wanda ya ce babu alaƙa tsakanin magani da bishara a tarihin nan bai karanta tarihin ba.

Sai dai akwai wani abu da ya bambanta waɗancan da 'yan mako guda na yau: sun zauna. Ida Scudder ta fara da gado ɗaya a Vellore ta kudancin Indiya a 1900. Ta sha ba da labarin cewa abin da ya sa ta karatun likita shi ne mata uku da suka mutu wurin haihuwa a dare guda saboda mazajensu sun ƙi yarda likita namiji ya duba su. A 1918 ta buɗe makarantar horar da mata aikin likita, wadda a yau ta zama ɗaya daga cikin manyan kwalejojin likitanci a Indiya. Albert Schweitzer ya kafa asibitinsa a Lambarene ta Gabon a 1913, can kuma ya rasu a 1965, ko da yake an sha sukarsa da kallon 'yan Afirka kamar yara da kuma rashin horar da likitoci daga cikinsu. Zaman nan ne ya haifar da ilimi. A sansanin kutare na Uzuakoli da ke kudu maso gabashin Najeriya ne John Lowe ya nuna, a ƙarshen shekarun 1940, cewa ƙwayar dapsone mai arha ana iya shan ta a baki ta yi aiki. A Vellore kuma Paul Brand ya gano cewa ba kuturta ce ke cinye yatsu kai tsaye ba, rashin jin zafi ne ke sa mutum ya yi ta ji wa kansa rauni bai sani ba. Irin wannan fahimta ba ta samuwa ga wanda ya zo ranar Asabar zai koma Asabar ta sama.

Duk da haka, a shekarun 1960 manyan masu tafiyar da asibitocin coci suka fara yi wa kansu tambaya mai ɗaci. Ƙasashe na samun 'yancin kai, kuɗin gudanar da asibiti na ta hauhawa, kuma da suka duba rajistarsu sai suka ga yaron da suka yi wa maganin gudawa a watan jiya shi ne ya dawo a wannan watan, domin rijiyar da yake sha ba ta sauya ba. Asibitin na warkar da wanda ya iya isowa, wanda ke nesa kuwa yana mutuwa a gida da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, cututtukan da ba sa buƙatar ɗakin tiyata. An yi taruka biyu a Tubingen ta Jamus, a 1964 da 1967, kuma a 1968 Majalisar Coci-coci ta Duniya ta kafa hukumarta ta kiwon lafiya. Aikin hukumar shi ne ta zagaya ta nemo inda wasu suka gwada wata hanya dabam.

Wurin da ya fi ba da darasi shi ne Jamkhed, wani yanki mai fama da fari a jihar Maharashtra ta Indiya. Likitoci biyu, miji da mata, Rajanikant da Mabelle Arole, dukansu sun yi karatun likita a Vellore, suka sauka can a 1970. Da suka tambayi mutane abin da ya fi damunsu, amsar ba magani ba ce: ruwa da abinci. Sai suka fara daga nan. Suka haƙa rijiyoyi, amma da dabara, domin a unguwar waɗanda al'ada ta mayar ƙasƙantattu suka riƙa dasa su, ta yadda dole masu ganin kansu manya su zo ɗiban ruwa a can. Daga baya suka nemi kowane ƙauye ya zaɓi mace ɗaya da za a koya wa aikin lafiya. Da yawa daga cikin matan nan ba su iya karatu ba, wasu zawarawa ne, wasu mazajensu sun yasar da su. Aka koya musu auna nauyin jarirai, haɗa ruwan gishiri da sukari, gane juna biyu mai haɗari, gane tabon kuturta da tarin fuka da wuri. Suna komawa cibiya a kai a kai, su faɗi abin da suka gani, a ƙara musu sani. Alƙaluman shirin sun nuna mutuwar jarirai ta sauko daga kimanin 176 cikin kowane 1,000 zuwa ƙasa da 30. Ba likita ya yi wannan ba. Likitan yana nan, amma a baya yake tsaye.

Jamkhed da wani shiri irinsa na Carroll Behrhorst a Chimaltenango ta Guatemala da wani a Solo ta Indonesiya sun shiga cikin misalan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara a 1975, a zamanin shugabancin Halfdan Mahler, wanda ya zauna da mutanen hukumar cocin ya saurare su. A watan Satumba na 1978 ƙasashe 134 suka hallara a birnin Alma-Ata na Kazakistan ta yau suka amince da kiwon lafiya matakin farko a matsayin ginshiƙi. Wato tsarin ma'aikacin lafiya na ƙauye da gwamnatoci ke tinƙaho da shi a yau, coci na da hannu dumu-dumu wajen haihuwarsa.

To a nan gizo ke saƙar. A daidai lokacin da ƙwararrun mishan suka gama yarda cewa asibitin da ke jiran mara lafiya bai wadatar ba, sai tafiya a jirgi ta yi arha, coci-coci a ƙasashe masu arziki suka gano cewa tura mabiyansu na ɗan lokaci na ƙara musu ƙwazo da yawan bayarwa. Daga shekarun 1980 zuwa yau tafiyar mako guda ta zama ruwan dare. Abin da ta dawo da shi shi ne tsohon salon nan na duba-ka-ba-da-magani da aka soka a Tubingen, amma wannan karon babu ma zaman da ya ba tsohon salon daraja. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne, kuma ba a noma da raɓa.

Ba ina cewa babu abin da mako guda ke iya yi ba. Akwai cututtukan da ake gamawa da su a zama ɗaya. Tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani shekara biyar, cikin ƙasa da rabin awa ƙwararren likita zai cire yanar ya sa sabon madubi, washegari a kwance bandeji ta ga jikokinta, yarinyar da aka hana makaranta don ta yi mata jagora kuma ta koma aji. Haka ɗinkin tsagaggen leɓe, haka aikin ƙaba, haka cire ruɓaɓɓen haƙori. A 2015 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata mai aminci da za su iya biya. A irin wannan gibi, tawagar da ta zo da ƙwarewar da babu ita a yankin ta yi abin a yaba. Amma ko a nan akwai sharaɗi. Tiyata ba ta ƙarewa ranar da aka ɗinke. Idan ɗinki ya ɓalle ko ciwo ya yi ruwa bayan kwana goma, wa za a kai wa? Shi ya sa ƙungiyar Mercy Ships, wadda aka kafa a 1978, kan ajiye jirgin ruwanta na asibiti kimanin wata goma a tashar ƙasa ɗaya. Shi ya sa kuma masu aikin yoyon fitsari suka daɗe suna gargaɗi cewa gyaran farko shi ya fi samun nasara, wanda bai ƙware ba idan ya taɓa ya ɓata, ya rage wa matar damar warkewa har abada. Likitoci biyu, Reginald da Catherine Hamlin, sun isa Habasha a 1959, sai a 1974 suka buɗe asibitinsu na yoyon fitsari a Addis Ababa, bayan shekara goma sha biyar suna koyon aikin a kan ƙasa.

Matsalar ita ce yawancin tawagogin ba na tiyata ba ne, na duba kowa da kowa ne, kuma yawancin abin da ke damun mutanen karkara ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Ɗauki hawan jini. An auna dattijo, an ga jininsa ya hau, an ba shi ƙwayoyin wata guda. Bayan wata guda fa? Maganin da aka ba shi wataƙila babu irinsa a duk ƙasar, sunan da ke jikin kwalin da wani harshe aka rubuta, babu kati, babu wanda ya san abin da aka fara masa. Wasu magungunan hawan jini da na farfaɗiya, daina su kwatsam ya fi rashin fara su haɗari. Haka ciwon suga. Sannan likitan da bai taɓa ganin zazzaɓin cizon sauro ba a garinsu, yana magana ta bakin tafintan da bai san kalmomin likitanci ba, yana da minti biyar ga kowane mutum, ba shi da ɗakin gwaji, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ya sallami mutum. A haka ake ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta fitowa a hoto. A ƙauyen, ko kusa da shi, sau da yawa akwai wata ma'aikaciyar lafiya da ke zaune shekara da shekaru a ɗakin shan magani, albashi ba ya zuwa a kan kari, kaya ba sa isa. Baƙi sun zo da magani kyauta da farar riga da na'urori masu ƙyalli, ba su ma san da ita ba. Bayan sun tafi, ita za ta ce a biya kuɗin magani, ita za ta ce wannan ciwon ba ya buƙatar allura. Wa zai saurare ta? Wasu ma sai su riƙe ciwonsu su ce sai baƙi sun dawo baɗi. An rage wa wadda za ta zauna ƙima, don a ƙara wa wanda zai tafi.

Mafi muni shi ne inda tausayi ya sa mutum ya yi aikin da a ƙasarsu ɗaure shi za a yi in ya yi. Ɗalibin da bai gama shekarar farko ba ya karɓi haihuwa, mai sayar da inshora ya ɗinke rauni, a kan hujjar cewa da babu gara ba daɗi. A Jinja ta Yuganda, wata matashiya Ba'amurkiya da ba ta da horon likita ta gudanar da cibiyar kula da yara masu tamowa da sunan aikin mishan daga 2010 zuwa 2015, kuma yara 105 suka mutu a wannan tsakani. Ta ce yaran sun iso ne rai a hannun Allah. Iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 ba tare da ta amsa laifi ba. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, an kama Amurkawa goma 'yan wata coci suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33 da suka ce marayu ne, daga baya ta bayyana yawancinsu iyayensu na raye. Ruɗanin da tawagogin likitoci marasa tsari suka haddasa a Haiti ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin tantance tawagogin ƙetare a 2013. Tun kafin nan, a 1996, ta fitar da ƙa'idar kyautar magani, wadda ta ce maganin ya kasance ƙasar ce ta nema, kuma ya rage masa aƙalla shekara guda kafin ya lalace. Misalin irin wannan matsala shi ne abin da ya faru a Bosniya lokacin yaƙi, inda aka jibge kimanin tan 17,000 na maganin da ba shi da amfani, ƙona shi ma ya zama wani nauyin.

Kada a ɗauka zama shi kaɗai ya isa kariya. A 1976 a asibitin mishan na Yambuku da ke Zayar (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a yau), matan zuhudu da suka ba da rayuwarsu ga yankin suna fitar da sirinji biyar kacal kowace safiya, a yi ta amfani da su ga ɗaruruwan mutane ba tare da an dafa su yadda ya kamata ba. Ta nan cutar Ebola ta bazu a ɓullarta ta farko da aka sani a ƙasar: mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu, har da 11 daga cikin ma'aikatan asibitin 17. Babu wanda zai yi shakkar niyyarsu.

Sai batun addini, wanda shi ne ya fi tayar da jijiyar wuya, kuma wanda masu rubutu da yawa ke tsallakewa don gudun ɓacin rai. 'Yan mishan ba bakinsu ɗaya ba a kansa. Akwai masu ganin jinyar mara lafiya ita kanta ibada ce, ba ta buƙatar wani sakamako. Sun yi maka aiki, in ka tambaye su dalili su faɗa maka, in ba ka tambaya ba shike nan. Akwai masu ganin jiki da ruhu ba sa rabuwa, don haka magani da bishara tare suke tafiya, amma ba tilas. Akwai kuma masu ɗaukar maganin a matsayin abin jan jama'a kawai, waɗanda rahoton da suke aika wa gida ba ya ƙirga waɗanda suka warke sai waɗanda suka ɗaga hannu. A wurin irin waɗannan ne za ka ga an tsara layi ta yadda sai ka bi ta teburin wa'azi kafin ka isa teburin magani.

Za su ce ai ba su tilasta wa kowa ba, kuma gaskiya ne babu wanda aka sa wa wuƙa a wuya. Amma a dubi matar da ta goyo yaro mai zazzaɓi ta yi tafiyar awa uku a ƙasa, ba ta da wani likitan da za ta je wurinsa, aka ce mata ko za ta so a yi mata addu'a. Ina ta ga bakin cewa a'a? Amincewar wanda ba shi da zaɓi ba amincewa ba ce. Wannan ba ra'ayin masu adawa da Kiristanci ba ne kawai. A 2011 Majalisar Coci-coci ta Duniya da fadar Paparoma da ƙawancen coci-cocin bishara na duniya, waɗanda a haɗe suke wakiltar mafi yawan Kiristocin duniya, suka fitar da takarda ta haɗin gwiwa kan yadda Kirista zai yi shaida a tsakanin mabiya wasu addinai. Takardar ta yi tir da amfani da talauci ko buƙatar mutum, da kwaɗaitarwa da abin duniya, ta kuma ambaci aikin warkarwa musamman, cewa kada a ci da gumin raunin mara lafiya. Tun a 1994 ma ƙa'idar aiki ta ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji, wadda ƙungiyoyin Kirista da dama suka sa wa hannu, ta ce ba za a ɗaura agaji a kan karɓar wani addini ko wata siyasa ba. Ma'aunin nan kuwa ba na Kirista kaɗai ba ne. Ƙungiyar da'awa ta Musulmi da ta kai ayarin likitoci ƙauyen da ba na Musulmi ba, shi ne dai ya hau kanta.

Illar gauraya abubuwan biyu ba a kan mara lafiya take tsayawa ba, tana komawa kan masu aikin da gaskiya. A watan Agustan 2010 aka kashe ma'aikata goma na wata ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna International Assistance Mission a lardin Badakhshan na Afganistan, suna dawowa daga aikin ido a tsaunukan Nuristan. Ƙungiyar na aiki a ƙasar tun 1966, jagoran tawagar Tom Little ya shafe fiye da shekara 30 a can, yana jin harshen mutanen. Taliban ta ce ita ta kashe su, ta zarge su da yaɗa addini, ƙungiyar ta musanta. Babu abin da zai halatta wannan kisa. Amma yana nuna yadda zargi ke da arha, kuma duk ɗan mako gudan da ya mayar da asibiti dandalin wa'azi yana ƙara wa wannan zargi makamashi, sannan ya hau jirgi ya bar waɗanda ke zaune da shi.

Ɓangaren raya karkara ma haka yake. Babu abin da masu ba da tallafi ke so kamar rijiyar burtsatse, domin ana gama ta cikin kwanaki, ana manna mata allo, ana ɗaukar hoton yara suna wasa da ruwa. Ƙididdigar da aka yi a lokuta daban-daban a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ta nuna tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki a kowane lokaci. Abin da ke kashe su sau da yawa wata 'yar roba ce da ta cinye, amma babu makaniki, babu mai sayar da kayan gyara, babu asusun gyara, kuma mutane na kiran famfon da sunan wanda ya haƙa shi, suna jiran ya dawo ya gyara abinsa. A kwatanta da yaƙi da kurkunu. Babu maganinsa, babu rigakafinsa. Da ƙyallen tace ruwa da 'yan sa-kai na ƙauye masu bi gida-gida aka sauko da shi daga kimanin mutum miliyan 3.5 a 1986 zuwa ƙasa da 20 a shekara a 'yan shekarun nan.

Wani abin da ya kamata a gyara a tunani shi ne hoton ɗan mishan a matsayin Bature. Wannan zamani ya wuce. Yawancin asibitocin da mishan suka kafa yanzu na coci-cocin ƙasashen ne, 'yan ƙasa ke tafiyar da su, ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su ta Malawi da aka kafa a 1966, ta Ghana a 1967, ta Zambiya a 1970, ta Najeriya a 1973. Matthew Lukwiya, wanda ya jagoranci yaƙi da Ebola a asibitin Lacor da ke Gulu har cutar ta kashe shi a Disamban 2000, ɗan Yuganda ne. Denis Mukwege na asibitin Panzi a Bukavu, wanda ya samu lambar Nobel a 2018, ɗan Kwango ne, ɗan fasto. Ana yawan cewa cibiyoyin addini ke ba da kashi 30 zuwa 70 cikin 100 na kiwon lafiya a Afirka. Masu bincike da suka bi diddigin wannan adadi a 2015 sun ga an zuzuta shi, amma sun tabbatar rawar na da girma, musamman a karkara mai nisa da wuraren rikici.

Waɗannan asibitocin su ne suka fi buƙatar baƙo, in baƙon ya san matsayinsa. Likitan tiyatar da ya zo bisa gayyata, ya yi rajista da hukumar likitocin ƙasar, ya karɓi aikin likita ɗaya tilo da ke wurin don ya samu hutun wata guda, ko ya koya wa ma'aikatan gida wani aiki, ya kuma riƙa dawowa wuri ɗaya shekara bayan shekara, ya yi abin da ke da amfani. Shirin horar da likitocin tiyata na Kirista na Afirka da ya faro a asibitin Bongolo na Gabon a 1997 a kan wannan tunani aka gina shi: shekara biyar ana horar da likita ɗan Afirka a asibitin karkara, baƙi na zuwa ne su koyar.

Abin da ke wahalar da wannan hanya shi ne kuɗi, kuma ba rashinsa kaɗai ba, har da inda ya fi son zuwa. Coci a Texas ko Seoul za ta fi saurin tara kuɗin jirgin mutum goma sha biyar da ta tara albashin ungozoma ɗaya na shekara, ko da na farkon ya ninka na biyun sau da yawa, domin waɗanda suka je za su dawo da labari, ungozomar kuwa ba wanda ya san fuskarta. Su kuma asibitocin, tun da tallafin iyayen gidansu na ƙetare ya ja baya, dole suka koma karɓar kuɗi daga marasa lafiya, sai ya zama asibitin da aka kafa don talaka talaka na tsoron shigarsa. Wasu gwamnatoci sun shigo: Ghana na biyan albashin ma'aikata da yawa a asibitocin coci, Malawi na ƙulla yarjejeniya da su don mata masu juna biyu da jarirai su samu kulawa kyauta, ko da yake biyan kan yi jinkiri. Kuɗin yaƙi da cutar ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ma sun daɗe suna toshe wani gibin, domin ma'aikacin da aka ɗauka don ƙanjamau shi ne ke duba kowa. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, sannan ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a watan Yuli, asibitocin coci na karkara na cikin waɗanda suka sallami ma'aikata, kuma na farkon tafiya a wurare da dama su ne masu bi ƙauye-ƙauye.